Kijang a Taman Negara: a jira ta ko a jawo ta?

Bakatsine a Serdang:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga hotunan da na yi muku alkawari daga Taman Negara, babban gandun dajin nan na ƙasar Maleshiya. Dabbar nan ja da kuke gani, mutanen Maleshiya kijang suke ce mata, barewa ce mai haushi irin na kare. Daga Bumbun Tahan na ɗauke ta, wani ɗakin leƙe ne da aka ɗaga sama a bakin wani fili cikin daji, tafiyar 'yan mintuna daga ofishin gandun da ke Kuala Tahan. Mutum ya hau ya zauna shiru, yana kallo ta wata doguwar taga.

Bayan sallar asuba na hau, gari bai gama wayewa ba, hazo na kwance a kan ciyawa. Kafin in ga komai sai da na ji ta: haushi ɗaya, gajere mai kauri, sai shiru, can sai wani. Da aka jima namijin ya ɓullo daga gefen dama, kai a sunkuye, yana taku ɗaiɗai. Sai ya ɗaga ƙafar gaba ya riƙe ta a sama, kunnuwa na juyawa, sannan ya sauke. Girmansa bai wuce na akuya matsakaiciya ba. Ya je inda ƙasa mai gishiri take ya lasa, ya ɗago, ya zaro harshe ya share fuskarsa har kan ido. Ku duba hoto na biyu da kyau, za ku ga fiƙa ta leƙo daga leɓensa na sama. Na uku kuma lokacin da ya juya ne, ya ɗaga wutsiya farin ƙarƙashinta ya bayyana, ya faɗa duhuwa.

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Masha Allah. Amma malam, wannan ai gada ce.

Baba Maharbi:
A'a ɗana, ba gada ba ce. Dubi kan. Ƙahon gada gajere ne a miƙe, da ɗan tukkun gashi a tsakiya. Wannan kuwa ƙahonsa a kan wasu sanduna biyu yake masu fata da gashi, ga layi biyu sun gangaro masa har goshi. Ban taɓa ganin irinsa a dajinmu ba.

Haushin nan dai na san shi. Mazo ma haka yake yi. Lokacin da muke shiga dazukan ƙasar Bauchi da ƙuruciya, in ka bi kurmin bakin rafi da magariba mazo ya shaƙi ƙanshinka, sai ka ji ya yi haushi sau ɗaya, mai ƙarfi. Baƙo sai ya rantse karen wani ne ya ɓace. In ya yi haka to farautar ranar ta ƙare a wannan kwarin, duk abin da ke ciki ya ji.

Malamar Bayoloji:
Baba ya faɗi daidai. Gada da mazo da barewa da gwanki dangi ɗaya suke da saniya da akuya: ƙahonsu ƙashi ne a ciki, da kube a waje, kuma ba ya faɗuwa har dabbar ta mutu. Kijang wani dangi ne dabam. Ƙahon namijin ƙashi ne zalla, yana faɗuwa wani ya sake fitowa, macen kuma ba ta da shi sam. Kudu da Sahara babu wannan dangin ko ɗaya. A Afirka sai can arewa, a dazukan iyakar Tunisiya da Aljeriya, ake samun wani babban ɗan uwanta.

Abin da ya sa Ɗan Maraɗi ya ga kama shi ne rayuwarsu iri ɗaya ce. Duk dabbar da ke kutsawa ƙarƙashin sarƙaƙiya za ka same ta gaba a duƙe, baya a ɗage, ƙaho ƙarami don kada ya maƙale. Har ramin nan na ƙasan ido da suke goga wari a jikin itace da shi don shata iyaka, dukansu suna da shi. Fiƙar kuwa ta faɗa ce, maza ke yankar juna da ita a kan mace da wuri, kuma takan yi wa kare rauni sosai.

Akwai abin da nake ba ɗalibaina labari duk shekara. A 1970 masu bincike suka gano cewa macen kijang ta Indiya kuromosom 6 kawai gare ta, wato zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, namiji 7. Cikin dabbobi masu shayarwa babu wadda aka sani da ƙasa da haka. 'Yar uwarta ta ƙasar Sin kuwa, wadda ido zai ce kusan abu ɗaya ne, 46 gare ta, daidai da na ɗan Adam.

Ɗan Maraɗi:
Ikon Allah. To tunda tana da fiƙa, ya halatta a ci ta? Ustaz, a taimaka mana.

Ustaz:
Hanin da ya zo a hadisi a kan masu fiƙa ne daga cikin namun dajin da ke farautar wasu, irin zaki da damisa da kerkeci. Wannan dabba ce mai tuƙa, ganye da 'ya'yan itace ne asalin abincinta, hukuncinta hukuncin barewa ne. Raƙumi ma ai yana da fiƙa. Sai dai halaccin nama ba ya ba mutum damar keta dokar wurin da aka killace, wannan magana ce dabam. Allah ne mafi sani.

Mai Hoto Zariya:
Ni bari in yi magana a kan hotunan, tunda sana'ata ce. Ƙanina ka yi ƙoƙari, amma gaskiya hoton ya yi yashi-yashi, na uku ma ya girgiza. ISO nawa ka sa, wato ƙarfin jin hasken kyamara? Ka yi wannan doguwar tafiya, ka biya kuɗin shiga, ka biya lasisin kyamara, ya kamata ka dawo da abin da za a buga babba a rataye. Da ni ne, tun da yamma zan zuba ayaba ko gwanda a kusa da ɗakin, inda na san haske zai fara sauka. Da safe ta zo har gabana. In hasken bai isa ba in kunna filasha sau ɗaya. Ba a taɓa ta ba, ba a cuce ta ba, ta ma samu abinci.

Bakatsine a Serdang:
Yaya, ISO 6400 ne, gilashin 300mm, saurin ɗauka 1/125, a buɗe har ƙarshe. Iyakar hasken da Allah ya bayar a wannan lokacin ke nan. Dajin nan ko da rana tsaka duhu ne a ƙarƙashinsa, balle da asuba. Zuba wa namun daji abinci kuwa an hana a gandun. Filasha ma da na kunna, da hoto ɗaya zan samu ya ruga. Da na bar shi, ya daɗe a gabana yana harkarsa, na ga yadda yake goga goshi a ƙasa, na ga yadda yake tsayawa cak duk sanda wani tsuntsu ya yi kara. Wannan kallon nake so, hoton shaida ne kawai.

Mai Hoto Zariya:
To gishirin da ya zo lasa fa, wa ya zuba? Na karanta cewa na gaban Bumbun Tahan hukumar gandun ce da kanta ta yi shi, ba na asali ba ne. In hukuma ta zuba gishiri don baƙi su ga dabba, mene ne laifin ayabata? Kuma ku fahimce ni, ba neman suna nake ba. Hoto mai kyau shi ke sa mutane su so dabba. Wanda bai taɓa jin sunan kijang ba, in ya ga idonta tas, gashinta ɗaiɗai, zai tsaya ya karanta. In ya ga dishi-dishi wucewa zai yi.

Baba Maharbi:
Malam mai hoto, ka saurare ni, don abin da zan faɗa maka da hannuna na yi shi shekaru kafin in ajiye.

Maharbi abu biyu kawai yake nema ya sani: ina dabba take bi, kuma yaushe. Duk wahalar daji a kan wannan ce. Mukan yi kwanaki muna bin sawu, muna duba kashi ko ɗanye ne, muna lura da gindin kanya da ɗinya da ɓaure lokacin da 'ya'yansu ke zuba. Ran da ka gane gada na zuwa gindin kaza da sassafe, ka gama da ita, saura ɗauka. Wanda ya zuba ayaba a wuri ɗaya kwana uku, ya yi wa mai tarko wannan aikin kyauta. Ya koya mata wuri, ya koya mata lokaci, ya kuma cire mata tsoron warin mutum, wanda shi kaɗai ne garkuwarta. Kai ka ɗauki hotonka ka hau jirgi. Ita tana nan tana zuwa.

Ban sani ba ko ka taɓa ganin dabba a tarkon waya. Wayar birkin babur ake warwarewa a yi zarge, a ɗaure a jikin ɗanyen reshe a hanyar da take bi. In ta kama ƙafa, duk fizgar da dabbar ta yi ƙara shiga take. Ka zo ka tarar ta share ƙasar wurin ta yi da'ira saboda zagaye, wayar ta kai ƙashi, ƙuda sun taru, ita kuma da ranta tana kallonka. Wani lokaci mai tarkon ma bai dawo ba sai ta ruɓe a banza. Kuma waya ba ta zaɓe. Abin da aka ɗana wa da wanda ba a ɗana wa ba duk kamawa take.

Malamar Bayoloji:
Maganar Baba ta ƙarshe ita ce babbar damuwar dazukan can. Damisar Malaya mai ratsi, wato taiga, a shekarun 1950 an ƙiyasta ta kai 3,000. Ƙidayar da gwamnati ta gudanar tsakanin 2016 da 2020 ta nuna ba su kai 150 ba. Taman Negara, mai faɗin murabba'in kilomita 4,343 a jihohin Pahang da Kelantan da Terengganu, na cikin 'yan wuraren da suka rage mata. Abincinta kuwa sambar ne, wato babban ɗan uwan kijang na can, da aladen daji, da wannan kijang ɗin. Sambar ya yi ƙaranci saboda farauta, har sai da gwamnati ta dakatar da ba da lasisin farautarsa da na kijang. Sannan cutar zazzaɓin aladu ta shigo wajen 2021 ta kashe aladun daji da yawa. Ka ga duk kijang ɗin da ta faɗa tarko, an rage wa taiga abinci ne, kuma tarkon da aka ɗana mata shi ke cire wa taigar ƙafa. Ita kijang ba ta cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa a duniya, amma ɗa ɗaya take haifa bayan ciki na wajen wata bakwai, ba da sauri take cike gurbi ba.

Mai Hoto Zariya:
Baba, na ji, kuma jikina ya yi sanyi. Amma har yanzu ba a amsa mini maganar gishiri ba. Duk abin da kuka faɗa a kan ayaba ai ya hau kan gishirin hukuma: wuri ɗaya, kullum, kowa ya sani.

Bakatsine a Serdang:
Bambancin da na gani shi ne tsaro, Yaya. Wurin nan a bakin ofishin ma'aikatan PERHILITAN yake, hukumar namun dajin ƙasar, mutane na kai da kawo dare da rana. Mai tarko ba zai zo nan ba. Dokar kare namun daji ta 2010 ma ta ba wuraren lasar gishiri kariya ta musamman, ta hana farauta a kusa da su, ta hana taɓa su. Ayabar baƙo kuwa babu mai gadinta. Yau a nan, gobe wani ya kwaikwaya a bakin daji inda babu ma'aikaci ko ɗaya. Sannan gishiri ba ya sa dabba ta danganta mutum da abinci. Ba ta ga hannun da ya zuba ba, ba ta jin warinsa a jiki.

Malamar Bayoloji:
Ni kam ko gishirin hukuma ba na sake jiki da shi ɗari bisa ɗari. Duk inda ka tara dabbobi iri-iri suna lasar wuri ɗaya, ka buɗe wa cuta hanya. Sai dai abu ne da masu kula da gandun suka auna suka ɗauki nauyinsa, kuma in ya zama matsala su za su rufe. Wanda ya zo na kwana biyu ba shi da wannan hurumin. Malam mai hoto, tambayarka tana kan hanya, amsar ce ba ta kai ga ayaba ba.

Tsohon Ɗalibin Aligarh:
Salam. Bari in kawo na Indiya. Can kakar suke ce mata. Na je gandun Corbett a jihar Uttarakhand, wanda aka kafa tun 1936, shi ne na farko a ƙasar. Direba zai kashe mota a tsakiyar hanya, mai jagora ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Ba kallo suke ba, saurare suke. In kakar ta yi haushi a kwari, biri langur ya amsa daga saman itace, sai su ce abu na tafiya, su ma faɗa maka ta wane gefe. Sukan ce kukan sambar ya fi tabbas, don ita kakar abu kaɗan ke sa ta haushi, kuma takan daɗe tana yi ko bayan abin ya wuce. Duk da haka ba wanda ke raina shi.

Abin da nake so in ce, dabbar nan amfaninta a daji tsoronta ne. Tsoron ne ke sa ta yi haushi, haushin ne sauran dabbobi ke dogara da shi. Wadda ta saba cin ayaba a gaban kyamara, a ganina, an ɓata ta ko da ba a taɓa jikinta ba. A Gir ta jihar Gujarat har kama mutane ake yi a gurfanar da su saboda ɗaure wa zaki dabba don masu kallo su yi bidiyo.

Ɗan Maraɗi:
To in abinci bai yiwu ba, a naɗi haushin a waya a kunna mata mana. In ta ji 'yar uwarta ai za ta fito.

Baba Maharbi:
Ɗana, wannan ma dabarar maharba ce. Na kurmin kudu sukan toshe hanci su yi kukan gada, ta taho da gudu har gabansu. Kuma haushin da kake so ka kunna ai na gargaɗi ne. Ka shiga daji ka yi shelar damisa alhali babu, ka tashi mai kiwo daga kiwo, mai shayarwa ta bar ɗanta a ɓoye ta gudu. Kada ka yi.

Maman Hanif:
Assalamu alaikum. Ni ma da kyamara nake ci, biki da suna, tsuntsaye kuma don sha'awa. Malam na Zariya, abokin sana'a, ina ganin ka raina abin da za a iya yi ba tare da filasha ba.

Ƙanina na Serdang, in za ka koma, ka cika safa da shinkafa ko wake ka ɗaure bakinta, ka ɗora a kan katakon tagar, ka kwantar da gilashin a kai. Ya fi ƙafar kyamara amfani a irin ɗakin nan, don katakon ƙasa na motsi in wani ya taka. Ka kashe ƙarar ɗauka gaba ɗaya. Ka mayar da saitin ido ɗigo ɗaya tak ka ɗora a kan idon dabbar, in ba haka ba kyamara za ta kama reshe ko ciyawar da ke gabanta. Kada ka ɗauka tana tafiya. Ka ce tana tsayawa cak in ta ji motsi, to wannan tsayuwar ita ce taka: ka danna ka riƙe, a cikin guda goma za ka samu ɗaya ko biyu da suka fito tas ko da a 1/60. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, yashin nan manhajojin yanzu suna share mafi yawansa.

Sai raɓa. In ka kwana a ɗaki mai na'urar sanyi ka fito da kyamara cikin wannan danshin, gilashin zai yi gumi ciki da waje, ka yi rabin sa'a ba ka ganin komai, lokacin da dabbar ke fitowa ke nan. Ka bar jakar a rufe a inda babu sanyi tun dare.

Ni kuma hoto na biyun nan ya fi mini wanda aka haska. Filasha na mayar da idon dabba fitila, ya baje jikinta, bayanta ya yi baƙi ƙirin. Wannan kuwa hazon na ciki, ana ganin asuba ce.

Mai Hoto Zariya:
Hajiya, shawarwarinki duk daidai ne, safar shinkafa ma zan gwada. Na janye maganar ayaba saboda abin da Baba ya faɗa. Filasha dai ban janye ba. Masu bincike da kansu suna ɗaure kyamarori a jikin itatuwa masu haska dabba da dare, da su ma aka ƙidaya taigar da Malama ta ambata. In ka rage ƙarfinsa ka kauce wa ido, ban ga cutarwar da ta wuce walƙiyar hadari ba.

Malamar Bayoloji:
Da yawan kyamarorin nan yanzu da hasken infirared suke aiki, wanda ba ya walƙiya, kuma dalilin komawa gare shi har da yadda wasu dabbobi ke ƙaurace wa hanyar da aka taɓa haska su. Masu farin hasken ana amfani da su ne inda ake bukatar a bambance ratsin wannan taiga da na waccan. Wato akwai abin da ake saya da wannan damun. Idon dabbar dare yana da wani shimfiɗi a baya mai mayar da haske, shi ke sa ya yi ƙyalli, shi ke kuma sa ta gani a duhu. In ka dalla mata haske ka tafi, ka bar ta na ɗan lokaci ba ta gani sosai a dajin da ke da damisa da karnukan daji da mesa.

Mai Hoto Zariya:
Na ɗan lokaci dai. Za mu ci gaba da wannan, Malama.

Hajiya a Luton:
Ina ta karatu ina mamaki. Wannan dabbar ai har bayan gidanmu take shigowa a nan Ingila, ƙarama dai, ta fi taku duhu. Da dare ka ji haushi ba ƙaƙƙautawa. Maƙwabta wasu na zuba mata abinci, wasu na kuka da ita don ta cinye musu furanni.

Malamar Bayoloji:
Hajiya, taku ita ce ta ƙasar Sin mai kuromosom 46. Kusa da ku aka kawo ta, gidan sarautar Woburn a Bedfordshire, fiye da shekara ɗari da suka wuce, daga nan ta bazu. Can babu taiga babu damisa, sai ta yi yawa tana cinye tsiron ƙarƙashin daji, tsuntsayen da ke sheƙa a ciki suka rasa mafaka. Tun 2019 doka ta hana a sake ta cikin daji in an kama. A can Asiya, gidanta na asali, kuwa wasu 'yan uwanta sai a shekarun 1990 masana suka san da su: babbar nan ta dajin Vu Quang a Biyetnam a 1994, da wata 'yar mitsitsiya a arewacin Myanmar. Ta Biyetnam ɗin tarkon waya ya riga ya kai ta bakin ƙarewa.

Bakatsine a Serdang:
Mu a nan kullum muna ganinta ba mu lura ba. Tambarin babban bankin ƙasar, Bank Negara, kijang ce, an ɗauko daga tsohon kuɗin zinariya na Kelantan. A tambarin jihar Kelantan ma guda biyu ne a tsaye.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, muhawara ta yi amfani, Allah ya saka. Abu ɗaya zan roƙa daga yau. Bumbun Tahan wuri ne sananne mai tsaro, ba laifi a ambace shi. Amma duk wanda ya ɗauki naman daji a wurin da babu gadi, a can ne ko a gida, ya faɗi jiha ko gandu kawai, kada ya faɗi rafi kaza ko bayan ƙauye kaza. Ku kuma kashe GPS na kyamara da na waya, don in aka tura hoto a matsayin fayil, wurin da aka ɗauka na tafiya a cikinsa. Mutanen zauren nan sun yi yawa, ba kowa muka sani ba.

Sabon Ɗalibi a Gombak:
Salam, Yaya na Serdang. Mu uku muna son zuwa in an yi hutu. Ta ina ake bi, kuma wane lokaci ya fi?

Bakatsine a Serdang:
Ku nufi Jerantut daga Kuala Lumpur. Daga nan ko dai mota har Kuala Tahan, ko ku je Kuala Tembeling ku hau kwalekwale mai inji ku bi kogin Tembeling, wajen sa'a biyu zuwa uku, ya fi daɗin kallo. A Kuala Tahan za ku ƙetare kogi zuwa ofishin gandun ku yanki takardar shiga da ta kyamara. Ku kauce wa Nuwamba zuwa Janairu, damina ce mai ƙarfi, a Disambar 2014 ambaliya ta yi wa garin ɓarna sosai. Ku sayi safar matsattsaku, doguwa ce har gwiwa, don bayan ruwa suna da yawa a hanya. In kuna son kwana a daji akwai Bumbun Kumbang can ciki, sai an yi rajista a ofis, kuma ku ɗauki mai jagora. Kada ku sa rai lallai sai kun gani, mutane da yawa na zuwa su koma da haushin kawai a kunne.

Baba Maharbi:
Ku uku kun yi yawa in za ku yi hira, ku yi alkawarin shiru tun daga ƙasa. Ranar kada wanda ya shafa turare ko ya yi wanka da sabulu mai ƙanshi, farar riga kuma a bar ta a jaka. Kafin ku hau ku ɗebi ɗan busasshen ganye ku murtsuke ku saki, ku ga inda iska ta nufa. In daga bayanku take busawa zuwa filin, ku sauka ku dawo da yamma.